Jinjina Ga Masu Raka 'Ya'yan Talakawan Badarawa Zuwa Manyan Makarantu

Yabon gwani ya zama dole, ko da gwanin bai nema ba. A Badarawa da Kwaru da Malali da Unguwar Dosa akwai wasu bayin Allah da suka ɗora wa kansu aikin da babu wanda ya sa su, babu kuma mai biyansu, wato raka 'ya'yan talakawa daga ƙofar sakandare zuwa ƙofar jami'a. Cikinsu akwai ɗaliban manyan makarantu da ke dawowa hutu su tara ƙannensu da yamma suna yi musu lesin kyauta. Akwai malaman makarantun gwamnati da ke tsayawa bayan an tashi don warware wa 'yan aji shida tsofaffin takardun jarrabawa. Akwai masu yi wa ƙasa hidima da suka zo baƙi, suka riƙe yaran unguwa tamkar na cikin gidansu. Akwai malaman Islamiyya da ke tambayar ɗalibi inda ya kwana a karatun boko, da masu shagunan kwamfuta masu tsoron Allah da ke gaya wa yaro gaskiya ko da za su rasa ciniki. Sannan akwai iyaye mata da ke kwashe adashinsu su sayi fom. Waɗannan mutane ne suka cancanci jinjina, kuma ya kamata jama'a su san darajar abin da suke yi.

Kafin a gane girman aikin, sai an dubi inda Badarawa take. Unguwa ce da makarantu suka kewaye ta. Kwalejin Gwamnatin Tarayya tana Malali tun 1973. Kwalejin Tunawa da Sardauna tana Unguwar Dosa. Tsohon mazaunin Makarantar Horar da Hafsoshin Soja, wadda aka kafa a 1964, maƙwabci ne. Jami'ar Jihar Kaduna, da aka kafa a 2004 zamanin Gwamna Ahmed Muhammad Maƙarfi, tana kan titin Tafawa Ɓalewa, tafiyar da ba ta wuce hawan Keke ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda tushenta ya faro a 1956, tana Tudun Wada, Jami'ar Ahmadu Bello kuwa tana Zariya tun 1962. Duk da haka, ɗan maigadi da 'yar tela da ɗan mai facin taya suna iya wuce waɗannan ƙofofi kullum ba tare da sun san ta inda ake shiga ba. A gidan da uba ko uwa suka yi jami'a, yaro yana tsintar sanin hanya a bakin tuwon dare: wane darasi ake haɗawa da wane, yaushe ake sayar da fom, wa ake tambaya idan suna bai fito ba. Gado ne da ba a rubuta shi a takarda, kuma shi ne ɗan talaka ya rasa, ko da ya fi kowa ƙwaƙwalwa a ajinsu. Masu aikin da muke yaba wa sun tsaya ne a gurbin wannan gado.

Mu ɗauki yarinyar da ta gama sakandare, wadda ba a taɓa samun mai digiri a gidansu ba. Tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da lambar zama ɗan ƙasa, don haka tafiyarta tana farawa ne daga layin karɓar NIN. Idan sunan da ke jikin lambar ya saɓa da na takardar makaranta, ko ranar haihuwa ta bambanta, matsala ta samu tun kafin a fara. Daga nan za ta tura lambar zuwa 55019 da layin waya nata na kanta, ta karɓi lambar shaida, ta biya kuɗin fom, ta je cibiyar da hukumar ta amince da ita a ɗauki hoton yatsunta. Yayan unguwa da ya san kan abin zai gaya mata: "Ƙanwata, wannan layin kada ki yar da shi, kada ki ara wa kowa, har ki gama jami'a da shi za a riƙa nemanki. Kalmar sirrinki kuma kada ki bar ta a hannun mai shago." Magana ce ta rabin minti, amma rashin jin ta ya sa yara da yawa asarar shekara guda. Ranar jarrabawa kuma za ta zauna gaban kwamfuta, domin tun 2015 aka daina rubuta wannan jarrabawa a takarda. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba yakan ɓata mintuna masu tsada yana kokawa da na'ura, alhali ya san amsa. Shi ya sa duk wanda ya ɗauko kwamfutarsa ta hannu ya ajiye gaban yara goma suna karɓa-karɓa ya yi aikin da ya kai na malamin lissafi.

Bayan rajista akwai sauran sani. Mai son likitanci dole ya haɗa Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son aikin injiniya ba ya tsere wa lissafi. Mai son lauya yana buƙatar adabin Turanci. Jami'o'i suna neman kiredit biyar, ciki har da Turanci. Tun 2017 gurbin karatu yana bi ne ta manhajar CAPS, inda dole ɗalibi ya tabbata an ɗora sakamakonsa na WAEC ko NECO, sannan idan an ba shi gurbi ya shiga da kansa ya amsa ya karɓa. Jami'o'in tarayya suna rabon gurabe kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'a, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani, kuma wanda ya san wannan ya san inda zai fi dacewa ya nema. Wanda makinsa bai kai ba, akwai shirin IJMB, akwai makarantar share fagen shiga jami'a ta Jami'ar Ahmadu Bello a Funtuwa, akwai difloma da NCE da ke kai mutum aji biyu na jami'a daga baya. Wanda ya fito daga makarantar Arabiyya yana da jarrabawar NBAIS. Babban alherin waɗannan masu jagoranci shi ne suna hana yaro yanke ƙauna. Idan ƙofa ɗaya ta rufe, sukan nuna masa ta biyu da ta uku.

Iyaye ma suna da kaso mai tsoka a wannan yabo. Uwar da ke sayar da ƙosai da safe, ko ɗinkin hula, ko awara a ƙofar gida, ba ta san mene ne CAPS ba, amma ta san ranar da za a rufe sayar da fom, kuma takan fara tara kuɗin tun watanni kafin lokacin. Uban da ke tashi da asuba ya nufi Kasuwar Kawo ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi yana iya buƙatar hannun ɗansa a rumfa, amma ya haƙura ya ce je ka lesin. Sadaukarwa irin wannan ba ta fitowa a jarida, ba a kuma ba ta lambar yabo a taron yaye ɗalibai. Ita ce dai ginshiƙin da duk sauran ƙoƙarin ya jingina a kai.

Akwai wani ɓangare na aikin da ba kowa ke lura da shi ba, kuma a ganina shi ne mafi tasiri: koya wa yara tantance labari. Yau hanyar jami'a ta cikin waya ta bi. Ta nan ake ganin sanarwar fom, ta nan ake duba sakamako, ta nan ake neman tallafi. Ta nan ɗin kuma 'yan damfara suke zaune suna jiran wanda ba shi da na tambaya. Ɗan gidan masu ilimi idan ya ga saƙo mai daɗin baki zai nuna wa babansa. Ɗan talaka kuwa shi ne idon gidansu gaba ɗaya, shi ake miƙa wa waya a ce karanta mana. Idan ya ruɗu, gidan ya ruɗu. Saboda haka shirin shiga jami'a da iya rarrabe gaskiya da ƙanzon kurege sun zama abu guda, ba a samun ɗaya a bar ɗaya.

Duk mai waya a Kaduna ya san irin saƙon. Zai faɗo a zauren WhatsApp da tambarin gwamnati a samansa, yana cewa an buɗe tallafin karatu ga ɗalibai, a latsa nan, a saka lambar BVN, a tura wa zaure biyar kafin ƙarfe sha biyu na dare. Ko kuma wani ya kira ya ce shi ma'aikacin hukumar jarrabawa ne, zai ƙara wa yaro maki idan an turo wani abu. Mai jagora na ƙwarai ba ya tsayawa a cewa ƙarya ne. Yakan zaunar da yaron ya ce: "Duba adireshin. Yawancin shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya da gov.ng suke ƙarewa, na jami'o'i kuma da edu.ng. Wannan da me ya ƙare? Wa ya sa hannu? Ina kwanan wata? Ka ji shi a rediyo? Me ya sa suke gaggauta ka?" Yaron da aka yi wa haka sau biyu, a na uku shi zai yi wa mahaifiyarsa. Kamar yadda uwa ba ta tuƙa tuwo da garin da ba ta tankaɗe ba, haka yaron zai saba da ƙin haɗiye labarin da bai tace ba. A shekarar 2025, lokacin da fiye da mutum miliyan 1.5 cikin kimanin miliyan 1.9 suka samu ƙasa da maki 200, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Ɗalibin Kaduna da ya saba komawa ga sanarwar hukuma ya san cibiyarsa ba ta ciki, ya kama neman mafita maimakon zaman jiran abin da ba zai zo ba.

Mutanen Kaduna ba sa buƙatar a ba su labarin illar ji-ta-ji-ta. Rikicin shekarar 2000 ya lashe rayuka masu ɗimbin yawa, ya kuma raba garin gida biyu, mafi yawan Musulmi suka tattaru a arewacin kogi, mafi yawan Kiristoci a kudancinsa. A watan Nuwamban 2002 wani rubutu a jarida kan gasar sarauniyar kyau ta duniya ya tayar da tarzomar da ta ci fiye da mutum 200. A wancan lokacin labari da baki yake yawo, amma ya yi wannan ɓarna, balle yanzu da hoto ɗaya ke zagaye gari kafin a idar da sallah. A watan Agustan 2014 saƙon waya ya sa mutane a faɗin ƙasar nan wanka da ruwan gishiri da shan sa don tsoron cutar Ebola, har aka rasa rayuka. A 2018 binciken BBC ya nuna yadda hotunan da ba su da alaƙa da rikicin Filato suka yaɗu a Facebook suka ƙara rura wutar kisa. Shirin zuba jarin bogi na MMM ya durƙushe a ƙarshen 2016 da kuɗin jama'a, CBEX ya bi sahu a watan Afrilun 2025. Duk matashin da aka koya wa tsayawa ya yi tambaya kafin ya tura saƙo, an tsare aljihun gidansu, an kuma tsare zaman lafiyar garinsu.

A nan ya dace a miƙa jinjina ga masu aikin binciken gaskiyar labarai. Africa Check tana wannan aiki tun 2012, Dubawa tun 2018, kuma dukansu sun fitar da bincike da Hausa. Kafar Alƙalanci ta zo ta mayar da hankali kacokan kan masu jin Hausa. Cibiyar CITAD ta Kano ta daɗe tana bibiyar kalaman ƙiyayya a intanet tana kuma horar da matasa. Gidajen rediyon Kaduna, tun daga Rediyon Tarayya mai tarihi tun 1962 har zuwa masu zaman kansu, suna da shirye-shiryen da mai sauraro ke bugo waya a warware masa shakku. Malaman Islamiyya kuwa suna riƙe da wata taska da ta girmi duk waɗannan. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta yi umarni da bincike kafin a yi aiki da labari, kuma malaman hadisi sun gina ilimi sukutum a kan tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, shin amintacce ne. Malamin da ya iya haɗa wannan darasi da wayar da ke aljihun ɗalibinsa ya ba shi makami na har abada, ya kuma nuna masa cewa tantance labari ba baƙon abu ba ne a tarbiyyarmu.

Hukuma ma ta yi abin a yaba. Bayan ƙarin kuɗin makaranta na 2021 da ya girgiza gidaje da dama, Gwamna Uba Sani ya sanar da ragi a watan Agustan 2023: kuɗin Jami'ar Jihar Kaduna ya sauko daga naira 150,000 zuwa 105,000, na Kwalejin Nuhu Bamalli ta Zariya da na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya kuma aka zabge rabi. A matakin tarayya, an sa hannu kan dokar bashin karatu a watan Afrilun 2024, asusun NELFUND ya buɗe shafinsa a watan Mayu. Bashi ne marar kuɗin ruwa, ana biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, ana ba ɗalibi naira 20,000 duk wata, ba a kuma fara biya sai shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Jihar Kaduna tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 don riƙe 'yan mata a sakandare da koya musu amfani da na'urorin zamani. Waɗannan matakai sun sauƙaƙa wa talaka, kuma faɗin hakan adalci ne.

To, amma yabo ba ya nufin an iso. Akwai sauran aiki, kuma waɗanda suka nuna za su iya su ne suka fi cancanta a tuna musu.

Abu na farko shi ne lokaci. Mafi yawan taimakon yana zuwa ne watanni biyu ko uku kafin jarrabawa, alhali makomar yaro tana yankuwa tun ranar da ya gama ƙaramar sakandare aka ce ya zaɓi ajin kimiyya ko na fasaha ko na kasuwanci. Yara nawa ne suka bi abokai suka shiga ajin da bai dace da burinsu ba, sai a aji shida suka gane? Tun ran gini ran zane. Ya kamata ƙungiyoyin ɗalibai su riƙa shiga makarantun unguwa tun daga aji uku, su yi wa yara da iyayensu bayani da Hausa, su kuma duba takardun haihuwa da lambar zama ɗan ƙasa tun da sauran lokacin gyara. Haka nan dole a fito fili a yaƙi cibiyoyin satar amsa. Kiredit tara da aka saya ba ya zama a aji ya fahimci lacca, kuma ɗan talaka ne ya fi shan wahala idan aka kore shi a shekarar farko, don ba shi da kuɗin sake farawa.

Na biyu, kayan aiki. Gwamnatin tarayya ta bayyana aniyar mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta. Idan haka ta tabbata, yaron da bai saba da na'ura ba zai fara tuntuɓe tun kafin ya kai ga JAMB. Unguwa mai yawan jama'a irin Badarawa ta cancanci ɗakin karatu na al'umma mai kwamfutoci da wutar sola, wanda ke buɗe da yamma da ranakun hutu. Wannan bai fi ƙarfin masu hannu da shuni da tsofaffin ma'aikata da hafsoshin da ke zaune a Malali da Unguwar Rimi ba, bai kuma fi ƙarfin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa ba. Ɗaki ɗaya a harabar makaranta ko masallaci, da mai kula amintacce, ya isa a fara.

Na uku, tantance labari ya kamata ya tashi daga nasihar da ake yi in ta kama, ya zama darasi mai tsari. Abuja ta karɓi baƙuncin makon duniya na wayar da kai kan kafafen labarai na hukumar UNESCO a watan Oktoban 2022, aka yi jawabai masu kyau. Amfanin irin wannan taro ba ya tabbata sai ya sauko ajin makarantar gwamnati. Kowane lesin na JAMB zai iya ware rabin sa'a a mako a ɗauko saƙo guda da ke yawo a unguwa a bincike shi tare: a nemo asalin hoton, a duba ranar da aka fara ɗora bidiyon, a kwatanta da abin da kafofi biyu ko uku masu mutunci suka ruwaito. Yanzu ƙirƙirarriyar basira tana iya kwaikwayon muryar malami ko shugaba ta sa masa maganar da bai faɗa ba, don haka ganin bidiyo ma ya daina zama hujja. Ɗalibin da zai shiga jami'a yana buƙatar sanin wannan, yana kuma buƙatar sanin cewa kwafo aikin gida daga intanet ko daga na'ura sata ce da ke iya jawo kora. Kada a manta da iyaye. Yawancin ƙarya da Hausa take iso musu, ta saƙon murya, don haka gyaran ma da Hausa ya kamata ya je, a makarantun matan aure da majalisun dattawa da huɗubar Juma'a. Uban da aka yi wa bayanin cewa bashin NELFUND ba shi da riba zai saki jiki ya bar ɗansa ya nema.

Na huɗu, kada rakiya ta tsaya a bakin ƙofa. Ranar da suna ya fito ana murna, amma shekarar farko ita ce mafi haɗari ga wanda ba a taɓa yin jami'a a gidansu ba. Ga Turancin lacca mai gudu, ga rajistar darussa, ga lissafin maki da ba wanda ya yi masa bayani, ga kuɗin mota da na takardu, ga kunyar tambaya a gaban 'ya'yan masu hali. A Amurka, tun 1965 shirin Upward Bound yake ɗaukar 'ya'yan marasa ƙarfi waɗanda iyayensu ba su yi digiri ba, yana koyar da su tun suna sakandare, yana kai su harabar jami'a lokacin hutu su zauna makonni don su saba. Ba sai mun jira kuɗin gwamnati kafin mu ɗauki darasin ba. Kowane sabon ɗalibi daga unguwa a haɗa shi da wani na gaba da shi a makarantar da ya shiga, wanda zai riƙa tambayarsa yaya karatu, ya kuma duba sakamakonsa na zangon farko. Sannan a riƙa kai 'yan sakandare ziyara jami'ar jiha da Zariya, su shiga ɗakin karatu da ɗakin gwaje-gwaje, su ga masu irin fuskarsu da harshensu a ciki.

Na biyar, 'yan mata. Lesin da ake yi bayan magariba a wuri mai nisa ya riga ya cire rabin waɗanda ake son taimaka wa. Yarinya tana da aikin gida, sau da yawa ba ta da wayar kanta, kuma ita ce aka fi yi wa barazana da hotuna da ƙazafi a shafukan sada zumunta. Tana buƙatar aji da rana, kusa da gida, da malama mace da iyaye suka yarda da ita. Muna da abin koyi a tarihinmu: Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta tsara 'Yan Taru a ƙarni na 19, tana horar da malamai mata da ake kira jajis su kai ilimi ga mata har gidajensu. Matan Badarawa da suka zama likitoci da lauyoyi da malamai da ma'aikatan jinya su ne jajis na yau. Zaman sa'a guda da ɗayansu za ta yi da uwar yarinya ya fi jawabi goma tasiri. Wadda aure ya zo mata kafin karatu kuma a nuna mata da mijinta cewa Buɗaɗɗiyar Jami'a tana da cibiya a Kaduna, karatu bai ƙare ba.

Na shida, ɗorewa. 'Yan siyasa da attajiran da ke saya wa ɗalibai fom sun yi abin kirki, Allah ya saka musu. Sai dai fom mafarin tafiya ne. Wanda ya saya wa yara 100 fom, ya dace ya tambaya nawa suka ci, nawa suka samu gurbi, nawa suka iya biyan rajista. Su ma ƙungiyoyin sa kai su riƙe littafi: sunan yaro, makinsa, inda ya shiga, inda ya tsaya. Da irin wannan rubutu ne za a san abin da ke aiki, da shi ne kuma za a tunkari Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Kaduna ko wani mai taimako da hujja a hannu. Aikin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya yakan mutu ranar da ya samu aiki a Abuja, don haka a jawo masu unguwanni da kwamitocin makarantu da tsofaffin ɗalibai su mallake shi. Kuma a tsallaka kogi. Ɗan talakan Badarawa da na Sabon Tasha ko Kakuri jarrabawa ɗaya suke rubutawa, 'yan damfara ɗaya ke farautarsu, aji ɗaya za su zauna a jami'a. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun nuna tun 1995 cewa mutanen garin nan suna iya aiki tare bayan gaba. Gasar muhawara ko zaman tantance labarai tsakanin makarantun ɓangarorin biyu zai koya wa yara cewa na ƙetaren gada mutum ne, kafin wani saƙon waya ya gaya musu akasin haka.

Ga waɗanda aka riƙa hannunsu har suka shiga jami'a, akwai bashi a kanku da ba NELFUND ke binku ba. Wani ya ba da yammacinsa da datarsa da haƙurinsa kafin ku kai inda kuke. Biyan wannan bashi shi ne kowannenku ya dawo unguwa ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu, ya bi su tun daga zaɓen darasi har zuwa ranar da za su karɓi sakamakon shekarar farko. Ga malamai da iyaye da matasan da suka fara wannan aiki tun babu mai kallo, Allah ya saka muku da alheri, ya albarkaci zuriyarku, ya ƙara muku ƙarfin gwiwa. Kun yi abin a yaba, kuma saboda kun iya ne muke roƙon ku ƙara.